Neman jirgin farko don aikin safiyo a Sakkwato

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Maigida ya amince ofishinmu ya shiga awon ƙasa da jirgi maras matuƙi, kuma ni ya ɗora wa binciken wanda za a saya. Sharaɗi biyu ya gindaya. Na farko, kada sayen ya taɓa albashin ma'aikata. Na biyu, duk abin da jirgin zai fitar ya zama abin da zai iya sa wa hannu ya buga hatimi hankalinsa kwance. Na biyun ne mai nauyi. Taswirar fili ba ta zama takardar da hukuma ke karɓa sai mai rajista da SURCON, hukumar masu safiyo ta ƙasa, ya sa hannu, kuma ranar da rigimar iyaka ta kai gaban alƙali, shi za a kira.

Aikin da ke shigo mana ne ya sauya. Da can fuloti ne ƙafa 50 da 100, mutum biyu su gama kafin azahar. Yanzu masu yanka filaye a bayan gari, wajen Kwannawa da hanyar Wamakko, suna zuwa da hekta 30 ko 50, suna son a nuna musu tudu da kwari kafin su fitar da tituna da magudanan ruwa. Duk wanda ya ga yadda ruwa ke kwanciya a Mabera da damina ya san amfanin wannan. Ga manoman fadama masu son baje fili saboda ban ruwa, ga 'yan kwangila masu son sanin yawan yashi ko tsakuwar da aka jibge musu.

Huɗu na rubuta a takarda, duka na kamfanin DJI, saboda su ne ake samun batir da farfelarsu a ƙasar nan: Mini 4 Pro, Air 2S, Phantom 4 Pro V2.0, da Mavic 3 Enterprise (Mavic 3E).

Laraba, 20 ga Nuwamba

Wani abokina mai ɗaukar hoton biki ya matsa a kan Mini 4 Pro. Hujjarsa tana da ƙarfi: nauyinsa bai kai giram 250 ba, yana shiga aljihun jaka, yana ganin abin da ke gabansa da bayansa ya kauce, kuma dala 759 aka sa masa lokacin da ya fito a 2023. Ga hotonsa mai kyau. Na ce masa, aboki, kai hoto ɗaya kake nema wanda amarya za ta so, ni ɗaruruwa nake nema waɗanda kwamfuta za ta iya auna nisa a cikinsu.

Yadda aikin yake, ba da hannu ake tuƙa jirgin safiyo ba. A manhaja ake zana iyakar fili, a faɗa mata tsayi da yawan hawan da hoto zai yi kan ɗan'uwansa, sai jirgin ya riƙa kai da komo a layi-layi yana ɗauka. Kowane wuri a ƙasa yakan fito a hotuna da yawa daga kusurwa daban-daban, da haka kwamfuta ke gano inda yake da kuma tsayinsa. Saboda haka tambayar farko da ake yi wa jirgi ita ce, yana karɓar manhajar tsara tashi? Rimot ɗin nan mai allo a jiki, DJI RC, da ake yawan sayar da ƙananan jiragen da shi, ba a sa masa manhajar wani kamfani. Wanda bai bincika ba sai ya kai gida zai gane.

Tambaya ta biyu ita ce yadda kyamarar ke kama hoto. Ta Mini da ta Air 2S suna karanta hoton ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa. Kafin a kai layin ƙarshe jirgin ya matsa gaba, sai hoton ya ɗan karkace. Ido ba ya gani, amma lissafi yana ji. Manhajojin sarrafa hoto suna iya rage wannan, ko a rage gudun jirgin, wanda ke nufin ƙarin batir. Phantom 4 Pro da Mavic 3E kuwa suna da marufi na gaske a cikin kyamara, yana buɗewa ya rufe, hoton ya shiga a lokaci ɗaya. Wannan ne ya sa Phantom 4 Pro, jirgin da ya fara fitowa a 2016, har yau yake hannun masu safiyo a ƙasashe da yawa.

Sai iska. Jirgi mai giram 249 a hunturun Sakkwato wahala zai sha, ko da takardarsa ta ce yana jure iskar mita 10.7 a daƙiƙa. Jurewa daban, tsayawa cak kan layi daban. Na cire Mini. Air 2S na bar shi a gefe, ko za a koma kansa in kuɗi sun gaza.

Lahadi, 8 ga Disamba

In don zuciya ne, Mavic 3E zan ɗauka. Ya fito a 2022, yana ɗaukar hoto kowane kashi bakwai cikin goma na daƙiƙa, kamfanin ya ce yana minti 45 a sama, kuma ana ɗora masa na'urar RTK wadda ke ba kowane hoto matsayinsa daidai da 'yan santimita. Amma shi kaɗai ya haura dala 3,000, ban da RTK, ban da ƙarin batura, a lokacin da dala ta wuce naira 1,500.

Na kai wa maigida lissafin. Ya duba ya ce, "Wa zai tuƙa shi?" Na ce ni ne, yallaɓai. Ya ce, "Ka taɓa tuƙawa?" Na ce a'a. Ya miƙo mini takardar, ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Da na zauna na sake tunani, na ga akwai hujjar da ta fi ta kuɗi. Mai fara koyo da RTK yakan ɗauka lambar da allo ya nuna masa ita ce gaskiya. Wanda jirginsa ba shi da ita dole ya sauka ƙasa ya kafa alamomi, ya auna kowace da na'urar GNSS, wadda ke gano matsayi ta tauraron ɗan'adam, ya ware wasu don jarraba sakamako. A nan ake koyon aikin. Kuma na'urar GNSS ɗin muna da ita a ofis, mai kai biyu, ɗaya a kafe ɗaya a hannu. Ko masu RTK ɗin ma, in suna son a yarda da aikinsu, sai sun ajiye wuraren jarrabawa a ƙasa.

Mun tsaya kan Phantom 4 Pro V2.0 na hannu, tunda an daina ƙera shi. Abin da ya rage daga kuɗin zai tafi batura, da iPad na hannu don manhajar tsara tashi ta DJI GS Pro, da ƙara wa kwamfutar ofis ƙarfi, da takardu.

Takardun ba ƙaramin aiki ba ne. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta hana tashin irin waɗannan jirage ba tare da izininta da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ba, kuma dokokinta na 2023 sun ware musu sashe na 21. Shigo da jirgi daga waje yana bukatar takardar shaidar mai amfani daga ofishin tsaron, in babu ita kwastan na iya riƙe shi. Aikin kuɗi kuma sai da takardar izinin gudanarwa, da sunan kamfani mai rajista da CAC. Maigida ya ce za a fara nema tun yanzu, kuma ba za mu karɓi ko sisi a aikin jirgi ba sai ta fito.

Asabar, 28 ga Disamba

Ranar Laraba jirgin yaƙi ya kai hari kan Lakurawa a ƙaramar hukumar Silame, aka rasa rayukan mutanen ƙauye. Allah ya jiƙansu. Maganar ke nan a gari. Maigida ya kira ni ya ce ko da jirgin ya zo, ba zai tashi a ko'ina ba sai uban ƙasa da ofishin 'yan sanda na yankin sun san da shi, kuma gabashin jiha da kan iyaka babu su a lissafi. Mutumin da ya ji ƙara bisa kansa a wannan lokaci ba taswira zai fara tunawa ba.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Jirgi ya iso daga Kano. Na same shi hannun wani mai ɗaukar bidiyon biki da ya koma ƙaramin jirgi saboda nauyin jakar Phantom, wanda shi kansa ya kusa kilo ɗaya da rabi. Abin da ya gundure shi ni shi nake nema.

Kafin na biya na ce, Malam, ka yi haƙuri, sai mun duba abubuwa. Na ce ya cire jirgin daga asusunsa na DJI a gabana. Na duba rimot ɗin, ba mai allo a jiki ba ne, irin wanda ake maƙala wa waya ko iPad, shi nake so. Na buɗe manhajar jirgin, DJI GO 4, na ga sau nawa aka caja kowane batir, da ko gidaje huɗun da ke cikinsa suna tafiya kai ɗaya. Ɗaya daga cikin baturan ya fara kumburi, in ka dafa bayansa za ka ji, na ce a cire shi daga ciniki. Na juya injinan huɗu da yatsa ko zan ji yashi, na haska tocila a hannuwan jirgin da ƙafafunsa saboda tsagewa, domin robar Phantom takan tsage kusa da inda inji yake zaune. Mariƙin kyamara kuma mun tashi mun ga ko sararin sama yana fitowa a miƙe. Na karɓi rasit da kwafin takardun shigowa. Mutumin ya yi dariya ya ce ko mai sayen doki bai kai ni bincike ba.

A makon da ya wuce DJI ta sanar da Matrice 4E, wanda zai gaji Mavic 3E. Ma'aikatan ofis sun yi ta turo mini bidiyonsa. Alheri ne a wurina, domin masu kuɗi za su koma kansa, Mavic 3E na hannu ya ƙara yawa a kasuwa kafin mu shirya.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Wurin koyo shi ne gonar kawu, a gefen fadamar Rima bayan Kwalkwalawa. Na zaɓe ta ne don tana arewa da gari, nesa da filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da barikin Giginya. Kawu ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya yi tambayar da babu ita a littafin jirgin.

"Wanga abu, in yat tashi bisa, shina ganin cikin gidajen mutane?"

Na ce, Kawu, yana gani. Daga mita 100 ba za a gane fuskar mutum ba, amma za a ga tsakar gida da wanda ke ciki. Ya ce to sai mun je wurin hakimi. Muka je, muka yi gaisuwa, na ce, ranka shi daɗe, gona kaɗai za mu bi, ba za mu ratsa ta kan gari ba, kuma duk wanda ke son ganin abin da aka ɗauka a nuna masa. Ya ce a bari a yi shela a masallaci tukun, kuma ya haɗa mu da wani dattijo da zai riƙa tsayawa tare da mu. Wannan dattijon ya fi mini kowace na'ura amfani, shi ke mayar da yara baya lokacin tashi da sauka.

Na ajiye wannan a raina saboda aikin cikin gari nan gaba. Unguwa mai gidaje babu rufi a tsakiya, matan aure suna aikinsu, ba wurin da za a ta da jirgi ba ne don kawai takarda daga Abuja ta halatta.

Duk wannan makon da hannu nake tuƙi, ban taɓa manhajar tsara tashi ba. Tashi, tsayawa, zagaye murabba'i, juyo da hancin jirgi gare ni inda dama ke komawa hagu, sauka. Phantom yana da yanayin da ake kashe masa riƙon GPS, iska ta riƙa jansa kai kana mayar da shi. Sababbin ƙananan jirage ba su ba ka wannan zaɓin, ga shi ranar da GPS ta yanke a tsakiyar aiki wannan hannun ne zai dawo da jirgin. Tashi daga kan falanki nake yi, domin farfela na ta da rairayi ya shige injina da mariƙin kyamara. Hazo ya hana mu wasu ranakun, jirgi fari ne, in ya yi nisa kaɗan sai ya ɓace a cikinsa, doka kuma ta ce ido ya kasance a kansa, kada ya wuce ƙafa 400, wato kusan mita 120. Shirwa ma ta fara zuwa dubiya. In ta matso, sama ake yi da jirgin da sauri, ba ƙasa ba.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

An yi awon gwaji na farko, hekta 20 a ɓangaren tudu inda aka girbe gero tun kaka.

Ga lissafin. Kyamarar tana fitar da hoto mai ɗigo 5,472 a faɗi da 3,648 a tsaye. A tsayin mita 100 kowane ɗigo yana cin kusan santimita 2.7 a ƙasa, ke nan hoto ɗaya yana rufe kusan mita 150 da 100. Na sa hawan gaba kashi 80 cikin ɗari, na gefe kashi 70. Wannan ya ba da tazarar mita 45 tsakanin layuka, da hoto kowane mita 20. Kusan hoto 11 a hekta, sama da 200 a filin duka. Takardar jirgin ta ce minti 30, amma ba wanda ke jira batir ya ƙare a sama, don haka batir ɗaya ya ɗauki filin da ɗan saura.

Tashin bai kai rubu'in awa ba. Kafa alamomi ne ya cinye safiyar. Falanki ne mai faɗin santimita 60, fentin baƙi da fari, an kafe shi da guntun rodi don kada akuya ko yaro su matsar. Biyar na ɗaure taswira, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, sai uku na jarrabawa waɗanda ba a gaya wa kwamfuta matsayinsu. Duk an auna su da GNSS.

Na sarrafa hotunan sau biyu da gangan don maigida ya gani. Da GPS ɗin jirgi kaɗai, taswirar ta fito da kyau a ido, amma ta kauce fiye da mita ɗaya, tsayi kuma ya fi haka kaucewa. Da aka ɗaure ta da alamomi biyar ɗin, wuraren jarrabawa suka faɗo ƙasa da santimita 10. Hoto iri ɗaya ne a allo, ba mai iya bambance su da kallo. Maigida ya daɗe a kan teburin lambobin, hoton ko minti ɗaya bai samu ba.

Akwai wani ramin da ke jiran duk mai shigowa aikin nan daga ɗaukar hoto. Jirgi yana rubuta matsayi a tsarin WGS84, tsoffin duwatsun safiyo da taswirorin gwamnati kuma suna kan tsarin Minna. Bambancin biyun a ƙasa gomman mitoci ne, ya isa ya jefa fulotin mutum cikin na maƙwabcin maƙwabcinsa. Birnin Sakkwato yana shiyya ta 31 a tsarin UTM mai raba taswirar duniya shiyya-shiyya, amma da an ƙetare digiri 6 gabas, kamar wajen Isa, an shiga ta 32. Babu jirgin da zai gyara wa mutum wannan, komai tsadarsa.

Talata, 11 ga Maris

Azumi, aikin fili ya ragu, na koma kan kwamfuta. Manhajar WebODM muke amfani da ita wajen sarrafa hotunan, ta buɗaɗɗen tsarin OpenDroneMap, sai QGIS don fitar da layukan tsayi. Pix4D da Agisoft Metashape sun fi sauri da sauƙi, amma da dala ake biyansu. Mun ƙara wa kwamfutar ma'ajiyar aiki zuwa gigabait 32, ana kunna mata aiki bayan tarawihi a kan inbata, a duba bayan sahur.

Na gwada ɓangaren fadama da ke da shuka. Kan shinkafa kyamara ke aunawa, ba ta ganin ƙasar da ke ƙarƙashi, kan ruwa kuma ba ta samun abin kamawa sai ta cika wurin da tarkace. Ke nan awon fili don ban ruwa sai bayan girbi. Ta wani gefen kuma ƙasarmu ta dace da wannan aiki fiye da kudu: itatuwa jefi-jefi ne, ƙasa a fili take yawancin shekara, ba ma bukatar na'urar LiDAR, mai awo da hasken laser, da masu kurmi ke kashe miliyoyi a kanta.

Laraba, 9 ga Afrilu

Zafi ya zo. Takardar Phantom ta ce iyakarsa digiri 40, Mavic 3E ma haka, Sakkwato kuma a Afrilu takan wuce nan da rana. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a tashi kusa da tsakar rana saboda inuwa ta gajarce. A nan wannan shawarar ba ta zauna ba. Daga ƙarfe 8 zuwa 10 na safe muke da shi, mu haƙura da ɗan tsawon inuwa, tunda filayenmu ba su da dogayen gine-gine. iPad ce ke fara gajiya kafin jirgin, allonta ya dushe sannan ta kashe kanta, don haka mai riƙe lema ya shiga cikin ma'aikata. Batura a cikin kula suke tafiya, babu ƙanƙara, ba a barin su a mota, kuma wanda ya sauko da zafi ba ya hawa caji sai ya huce.

Batura su ne raunin wannan zaɓin. Na asali suna ƙaranci, na kasuwa kuma sai an tona. Na gaya wa maigida mu ɗauka jirgin nan na shekara ɗaya ne ko biyu, kuɗin aikinsa na farko a fara tara su don wanda zai gaje shi.

Jiya mun gwada auna tarin tsakuwa a filin wani ɗan kwangila, kyauta, don mu gwama da adadin tifar da ya ce an sauke. Na tashi a mita 50, layuka a gicciye, kyamara a ɗan karkace don ta kama gefen tarin. Lissafinmu ya gaza nasa da kusan tifa biyu. Ko tushen da na zana wa tarin ne ya yi sama, ko tifofin ba su cika ba, kuma shi ya fi son jin na biyun. Ranar Asabar za mu koma da GNSS mu auna gindin tarin da ƙafa kafin a gaya masa komai. Takardar NCAA tana hanya, lauyan kamfani ya ce an nemi ƙarin littafin tsarin aiki, ni zan rubuta sashen kula da batura da na matakan gaggawa.